Guzurin Kumeji

Daga Koura, Japan, ƙarshen sanyi

Zuwa ga 'yata Michiyo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mahaifinki da yaranki. Mu nan sanyi ya fara sakin gwiwoyinmu.

Tun ina da baƙin gashi nake jin ana cewa ƙanena Kumeji zai dawo daga Brazil. Mai jirgin fito ne ya fara kawo zancen. Innarmu ta shanya katifarsa a rana, ta sayi babban kifi. Mu muka cinye kifin. Daga nan duk shekara, in bikin tunawa da magabata ya zo, sai wani ya taso da maganar, har na daina ɗaga kai daga ɗinkin taru. Shi ya sa da wasiƙarki ta iso cewa kuna tafe da shi na kai wa Ume mai shago ta karanta da nata tabarau, don nawa ya iya ƙarya.

Kin tambayi abin da za ku riƙo. Ku zo da takalmin da ake zarewa a tsaye, domin a ƙasar nan mutum yakan cire takalmi fiye da yadda yake gaisuwa. Ki duba safarku da kyau. Wani surukinmu ya taɓa zuwa neman aure babban yatsansa na leƙen mutane, kuma har ya mutu ana kiransa Yatsa. Kowa ya sa ɗan tawul a aljihu, ba a ajiye na goge hannu a banɗakin tasha. Ki riƙe leda, don za ki yi tafiyar yini ba ki ga kwandon shara ba. Katin banki zai yi miki aiki a birni, amma Ume ba ta san shi ba, ba ta kuma son a haɗa su. Kada ki ba kowa tukwici, bin ki za a yi a guje a mayar miki. Lema kuwa kar ki wahala, waɗanda matattun ƙauyen nan suka bari sun ishe ku.

Ki ce wa Kumeji shi ba sai ya riƙo komai ba. Gidan ubansa zai zo.

Ki gaida kowa. Baffanki,
Torakichi

*

Daga Tomé-Açu, Brazil

Zuwa ga Baffa Torakichi,

Ina gaisuwa cikin ladabi, tare da neman gafara idan rubutuna ya karkace. A makarantar Asabar na koyi harshenku.

Na sayi takalman, na duba safa. Amma akwai abin da ban faɗa ba a wasiƙar farko, don na rasa ta inda zan fara.

Baba ya fara mantuwa. Harshen Fotugis ne ya fara barinsa, wanda ya sayar da masoro da shi fiye da shekara sittin. Yanzu jikokinsa na yi masa magana yana murmushi kamar ana ruwa a wani gari. Ni kaina wani lokaci yakan kira ni malamar asibiti. Duk yamma sai ya haɗa jaka ya zauna a bakin ƙofa, ya ce jirgin fito zai tashi, Yaya na jira a gaɓa. Likita ya ce in za mu kawo shi, to bana ne.

Abu ɗaya nake so, Baffa: ya gane gida, ya gane ka, ko sau ɗaya, ya ajiye jakar nan. Yana yawan zancen bishiyar lemu a bayan kicin, da rijiya mai murfin katako, da miyar Inna. Suna nan?

Na bar ka lafiya. 'Yarka,
Michiyo

*

Daga Koura

'Yata Michiyo,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wasiƙarki, wannan karon ban kai wa Ume ba.

Bishiyar guguwa ta kayar da ita tuntuni. An toshe rijiyar da siminti. Makarantarmu ta zama wurin ajiye taru, kuma in kin ƙirga mutanen ƙauyen da karnukansu ba za su cika jirgin fito ba. Yayan da yake cewa yana jira a gaɓa saurayi ne mai ɗaukar buhu biyu. Wanda zai tarar, haƙoransa a kofi suke kwana. Miyar dai na iya ta.

Ki karɓi takardar likita kan magungunansa, ana tambaya a filin jirgi. Manyan akwatuna ki ba masu kai kaya tun daga can, za su riga ku isowa, hannuwanki biyu su zama nasa. A jirgin ƙasa ba a ɗaga murya, amma in ya yi waƙa ki ƙyale shi, ba wanda zai ce uffan, kallon takalmansu za su yi. A jirgin fito ki zaunar da shi ta hannun hagu, daga nan ake fara hango dutsenmu. Shi dai bai canja ba.

In ya tambayi Inna, ki ce tana gona.

Sai kun iso. Baffanki,
Torakichi

*

Daga Koura, lokacin dashen shinkafa

Zuwa ga ƙanwata Fusae, a Osaka,

Ina gaishe ki, ya ƙafar? Kin ce in ba ki labari ba tare da na sa masa gishiri ba. To ga shi.

Sun iso. Na tsaya a gaɓa da tsohuwar rigar Babanmu. Kumeji ya sauko, ya rusuna min, ya ce a yi haƙuri da ɗawainiya. Na ce a raina gajiya ce.

Kin san shi da shiga ta ƙofar kicin, takalmi ɗaya a gabas ɗaya a yamma, Inna na bin sa da tsintsiya. Na bar ƙofar a buɗe. Bai ko dube ta ba. Ta ƙofar baƙi ya shiga, ya cire takalman, ya durƙusa ya jera su suna kallon waje, ya miƙo min ƙunshin kofi da hannu biyu. Michiyo ta ce, Baba, Yaya ne fa. Ya ce mata kada ta dami mai masauki.

Na yi miyar busasshen kifi da dankali. Ya shanye, ya yaba, sannan ya sunkuyo ya ce kada in ji haushi, amma ta gidansu ta fi. Ume ta zo da faɗanta, ta ce, kai ɓarawon lemu, har yau ba ka mutu ba? Ya ba ta haƙuri, ya ce wataƙila ta ɗauke shi wani ne. Ta koma shago ta rufe da rana tsaka. Mun kai shi kabarin su Inna, ya zuba ruwa a dutsen kabarin da kyau kamar yadda aka saba, ya tambayi ko mutanen kirki ne. Na ce ba laifi.

Jiya da la'asar na same shi a baranda da jakarsa a cinya, yana kallon teku. Na zauna kusa da shi. Ya ce wurin nan ya yi masa, sai dai ba zai daɗe ba.

"Maigida, ka taɓa zuwa Japan?"

Na ce na ɗan zauna can.

"Na daɗe rabona da ita. Me mutum zai riƙa?"

Na gaya masa. Takalmi mai sauƙin cirewa, safa marar huji, ɗan tawul. Yana gyaɗa kai, yana laluba jakar. Ya tambayi abin da ya kamata ya kai wa yayansa. Na ce a sanina yayan ba ya son komai.

"Ba ka san shi ba," in ji shi. "Sai ya yi min gori."

Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, so yake ya ba Yaya mamaki. Na yi alkawari, ga shi kuma na karya.

Jibi Michiyo za ta mayar da shi. Ta yi ta ba ni haƙuri, na ce ta bari, safarsa ba huji, ta yi nata.

Ki kula da kanki, ki gaida yaran. In kuma an tambaye ki, ki ce maganar na nan: Kumeji zai dawo gida. Wanda ya faɗa min na ƙarshe, Kumeji ne.

Yayanki,
Torakichi