Mma Anatu Ba Ta da Lamba

Litinin, 4 ga Satumba, 1995
Asibitin da nake wa aiki sun rubuto. In koma ɗakin wanki ranar biyu ga Oktoba, ko su ba wata gurbina. 'Yata Katumi wata bakwai, ko haƙori ba ta fitar ba. Mijina Almu ya karanta takardar a tsaye, ya ce, "Ai ga Mma Anatu." Shi komai mai sauƙi ne a bakinsa. Albashinsa na gadi da ƙyar yake rufe hayar flat ɗin nan.

Laraba, 6 ga Satumba
Na hau bene na huɗu wajen Mma Anatu. Tsohuwar nan 'yar zangon Kumasi ce, ba dangin iya ba na baba, amma ita ta yi mini wankan jego da aka hana innata bizar zuwa ƙasar Turawan nan. Ban rufe baki ba ta sauke Katumi daga bayana ta saɓa a kafaɗa. "Jikana ne. Tafi ka yi aikinka." Har yau "ka" take ce mini, na gaji da gyara ta.

Ba mu yi maganar kuɗi ba, ba a yi. Duk Juma'a zan naɗe na sabulu a cikin zanin goyo. Ta yi kamar ba ta gani ba, in yi kamar ban sa ba.

Litinin, 11 ga Satumba
Ofishin benefit, inda ake ba da tallafin gwamnati, awa biyu a layi. Akwai sabon tsari a Family Credit, tallafin iyalai masu ƙaramin albashi: za su duba abin da nake biyan mai raino, su ƙara mana. Sharaɗi ɗaya, sai mai rainon tana da rajista da council, wato ƙaramar hukuma, da lamba, ta kuma sa hannu a kan nawa take karɓa. Na ce wa matar da ke bayan gilashi wannan tsohuwa ta raini yara sun fi ashirin. Ta ce, "Is she registered?" Wai tana da rajista? Na ce ita ta wanke ni da na haihu. Ta sake tambayar, a hankali, sai ka ce da kurma take.

Alhamis, 14 ga Satumba
Almu ya ce in manta da kuɗin gwamnati. Ba shi ya yi hunturun bara sanye da kwat a cikin ɗaki da tsohon ciki ba.

Lahadi, 17 ga Satumba
Na tafka wauta. Na kai wa Mma fom ɗin rajistar. Tana tsince wake, na zauna ina bayani kamar wata malama: matar council za ta zo ta duba ɗaki, a sa ɗan shinge a ƙofar kicin, a ba ta lamba, sai mu rubuta abin da nake biyanta a mako.

Ta ajiye tiren. "Biya? Ka biya ni?"

Na ce takarda ce kawai, Mma.

"Kwana arba'in ina dafa ruwa, ina gasa maka jiki. Rubuta nawa ne, in sa hannu."

Ta ninke fom ɗin ta miƙo mini da hannu biyu, yadda ake yi wa baƙo. Na sauko kunya kamar ƙasa ta tsage. Sai kuma haushi ya biyo. Ita tana da girmanta, ni ina da kuɗin gas da wuta a kaina. Wa zai ce wa council su karɓi girma?

Juma'a, 22 ga Satumba
Ba ta daina gaishe ni ba. Wannan ya fi ciwo.

Talata, 26 ga Satumba
Council sun ba ni sunayen masu rajista. Na je wajen wata Baturiya, Pauline, nan kusa da Camberwell Green. Yara biyu, kayan wasa, lambarta a bango cikin firam. Ta rubuta a littafi cewa ban da naman alade. Na nuna mata zanin goyo, ta yi dariya ta ce bayanta ba zai ɗauka ba. Ba muguwa ba ce, da muguwa ce da na ji sauƙi. Na sa hannu.

Ban iya hawa bene in gaya wa Mma ba, Almu na tura. Ya dawo ya ce ta ce Allah ya raya. Shi ke nan abin da ta ce.

Litinin, 2 ga Oktoba
Kukan Katumi ya biyo ni har bakin titi. Ni ma na yi nawa a wurin aiki, injinan wanki sun rufa mini asiri.

Laraba, 18 ga Oktoba
Littafin karɓar kuɗi ya iso, na kai gidan waya aka buga hatimi aka ba ni kuɗin. Na kunna hita tun la'asar. Ɗaki ya yi ɗumi, kuma na ji daɗinsa, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Katumi ta rage kuka. Pauline ta ce yanzu tana barci a gado ba sai an jijjiga ta ba.

Alhamis, 23 ga Nuwamba
Mun haɗu da Mma a lif, babu wurin gudu. Mma ta rame. Ta miƙa hannu za ta ɗauki Katumi, yarinya ta callara ƙara ta ƙanƙame wuyana. Ta mayar da hannuwanta cikin mayafi. "Bar shi, ya manta ni. Yaro ne." Da zan fita ta riƙe ƙofar lif ta ce, "Kawo shi Asabar. Ba takarda." Na ce in sha Allahu.

Asabar, 25 ga Nuwamba
Ban kai ta ba. Wanki ya yi yawa, kuma Pauline ta ce yaro ba ya son a riƙa canza masa hannu. Gaskiyarta ce ai.

Bayan azahar aka ƙwanƙwasa, sau biyu, a hankali. Na rage rediyo, na ɗauki Katumi muka shige ƙurya. An daɗe a tsaye kafin a tafi. Ban leƙa ba, saboda haka ban san ko wane ne ba.