Makullin Yana Ciki

Baban yara,

Na tafi asibiti da Auta. Numfashinsa ya dawo, amma sun ce za su riƙe mu. Kaya kawai na dawo ɗauka.

Wasan nan da ka kai su ranar Asabar, wanda ake kulle mutane a ɗaki su nemo makulli su fita, shi yayarsa ta shirya masa a sito ina can ina wanki. Ta ɓoye makullin cikin buhun gawayi, ta sa Auta ciki, ta danna kwaɗo ta waje. Wai a can ma a ciki ake ɓoyewa. Ga yaro da asma, ga ƙura. Kafin maƙwabcinmu ya ɓalle ƙofar, ya daina amsawa.

Na san zuciyarka. Wallahi kada ka taɓa ta. Ni ma na ɗaga hannu, sai na ga faratanta duk jini garin jan kwaɗon.

Ta kulle kanta a ɗakinsu, ta turo makullin ta ƙarƙashin ƙofa, ta ce kada a buɗe sai Auta ya dawo. Ga makullin nan kan takardar. Ka buɗe mata.