Ka Zo Gabi Kafin a Gama Sussuka

Madarumfa, 14 ga Satumba 1975

Zuwa ga ƙanena Kalebu, a Dakar,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Ruth da yara, kuma kullum ina roƙon Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya ba ka basira a kan abin da ya kai ka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Bana damina ta yi albarka, ba kamar shekarun yunwar nan da suka wuce ba. Tabki ya cika, masunta sun koma ruwa, har kifi ya yi araha a kasuwa. Ƙafar Kawu Barnabas ta yi sauƙi, ya koma zuwa majami'a da sandarsa, ya kuma koma gyara wa mai wa'azi aya daga inda yake zaune. Ka dai san halinsa.

Na ji daɗin bayanin da ka yi mini a kan horon da ake ba ku, ku sababbin shugabannin sassa na jami'o'i. Ka ce ana koya muku tsara karatu, da tafiyar da taro, da yadda shugaba zai reni ƙananan malamai har su tsaya da ƙafafunsu. To madalla. A kan na ƙarshen nan nake so mu yi magana, kuma ka yi haƙuri, yau ba zan lallaɓa ka ba. Lawali zai bar ka. Lawali ɗinka, ɗalibinka na jiya, wanda ka ɗauka malami a sashen noma, ka turo shi gidana ya sauka don ya yi gwajin geron nan mai saurin nuna. Ya riga ya bi ta Ɗan Isa ya shiga Najeriya sau ɗaya, wani abokinsa ya haɗa shi da mutanen wata jami'a a can, sun ce ya zo ko gobe. Kai da bakinka ka gaya mini shi kaɗai ne ɗan ƙasa a sashenka bayan kai, sauran duk Turawa ne masu jiran wa'adinsu ya cika su koma gida. In ya tafi, da wa za ka yi aikin?

Na san za ka ce me aka yi masa. To ka tuna ranar da ka biyo ta nan kafin tafiyarka, ka je gonar gwaji ta hanyar Gabi, ka tarar an shuka wake a tsakanin layukan gero. Ranka ya ɓaci, ka tuge wake da hannunka, ka ce an ɓata gwaji, ka ce wannan aikin jahilai ne ba na malamin jami'a ba. Ban ce ba ka da gaskiya a kan waken ba, ni me na sani game da gwaji? Amma Kalebu, tsohon nan da ke tsaye a gefe da ƴar hauyarsa, wanda ka miƙa wa igiyar awo ka ce ya riƙe maka, ba ɗan ƙwadago ba ne. Malam Ɗan Azumi ne, mahaifin Balaraba matar Lawali, wato surukinsa. Gonar tasa ce, aro ya bayar. Matan gidansa ne suka zuba waken kamar yadda suka saba duk shekara, kuma ka gaya mini wane ɗan Hausa ne zai buɗe baki ya hana surukinsa shuka a gonarsa? Mutumin da Lawali ba ya iya ambaton sunansa, ba ya iya cin abinci a gabansa, a gabansa ka wanke Lawali tas. Da ma da Faransanci ka yi faɗan, da babu wanda ya ji. Sai ranar ce Hausa ta zo maka!

Kai ka shiga mota ka tafi, ni aka bari da abin. Kafin kasuwa ta zagayo labari ya cika Gabi, har samari suna ce wa Lawali yaron Mushe Kalebu, wato Malam Kalebu a bakin ƴan Faransanci. Yaron nan ya dawo gida ya daina cin tuwon kirki. Tun farko ma ba a sake yake ba. Sau nawa ina jin shi a zaure shi kaɗai yana karantar da tabarmi, yana tsayawa yana sake farawa. Da na yi masa tsiya, ya ce mini tunda aka ba shi aji babu wanda ya taɓa zama ya ga yadda yake koyarwa, balle ya ce masa nan ka yi daidai, nan ka gyara. Ya ce ranar da ka zo gonar ya yi zaton za ku zauna a gindin itace ka duba aikinsa, ka kuma yi masa zancen karatun dokta da ka taɓa cewa za ka sa sunansa. Bai zage ka ba, Allah ya sani, har yanzu in ya ambace ka sai ya sunkuyar da kai. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Da na ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai na ɗaura zane na sayi goro, na hau amalanke na tafi Gabi. Ni da na goya ka, na durƙusa gaban tsohon nan ina ba da haƙuri a kan bakinka. Ya karɓe ni da mutunci, aka kawo mini fura, ya ce shi bai riƙe kowa a zuciya ba, shugaba yana da ikon yi wa na ƙasa da shi faɗa. Amma ya ce shi ne ya ba Lawali shawara ya nemi wani wuri, domin wanda ba ya rufa maka asiri a gaban mutane ba zai ɗaga ka ba ran da ka faɗi. Ya ce ya gode da zuwana, sai dai ba ni ce na yi maganar ba. A nan fa zuciyata ta ɗebe ni, na ce masa ƙanena ɗan mutunci ne, zai zo da ƙafarsa kafin a gama sussuka. Sai ya ce in haka ne zai ce wa Lawali ya dakata har a auna geron gwaji, amma ba zai riƙe shi bayan nan ba.

To ka ji inda muke. Na sani horonku sai ƙarshen shekara, na sani Dakar ba nan kusa ba ce, kuma na yi alkawari da sunanka ban tambaye ka ba. Ka yi fushi da ni in kana so, mu yi faɗanmu in ka zo. Ka je ka sami masu koya mukun nan ka gaya musu gaskiya, cewa malaminka ɗan ƙasa guda ɗaya tilo yana shirin tsallaka iyaka. In da gaske reno suke koyarwa, za su ba ka ƴan kwanaki. Kada ka aiko da takarda mai hatimi, kada ka turo wani. Ka zo ka cire takalmi a ƙofar zauren Malam Ɗan Azumi, ka gaishe shi yadda ake gaida manya, ka faɗi alherin Lawali a gabansa da Hausar nan taka. Daga nan ka zauna da yaron, ka duba aikinsa, ka gaya masa gaskiyar zancen karatunsa, ko akwai ko babu. Tsoro nake ji, Kalebu, kar girman kai irin namu ya sa ka tsaya lissafin wa ke da gaskiya. Gero ya sunkuyar da kai, a Safo har wasu sun fara yanka.

Ka gaida Ruth da kyau, ka ce mata na ajiye mata daddawa da busasshen kifi. Ka shafa mini kan Daniyel da ƴar takwarar Inna, Abigail, ka ce su riƙa addu'a kafin barci. Kawu Barnabas yana gaishe ku, haka Delu maƙwabciyata da dukan ƴan'uwa na majami'a. Na gaya wa Lawali zan rubuta maka, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka wa zai miƙa wa makullin ofishinsa.

Allah ya kawo ka da wuri.

Ni ce yayarka,
Saloma