Giɓin Bayan Gidan Niƙa

Zuwa ga ƙanwata Ismay,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya.

Na taɓa jin wai ganuwarmu tana da giɓi a bayan gidan niƙa, can arewacin gari. Wai manyan gari ne suka bar shi da gangan, don duk shekara bakwai su nuna wa manzon sarkin Ingila cewa gini bai ƙare ba, ya sabunta musu takardar izinin karɓar harajin ganuwa. Dariya kawai na yi. Shekara ashirin ina gadin ƙofar kudu, ina karɓar rabin peni a kan fata da ulu da kifi. Kuɗin nan duk dutsen ganuwa ya zama. Ko kyanwa sai ta gaishe ni kafin ta shiga garin nan.

Na ji mahara sun doso ƙauyenku. Ki taho da yara. Amma mijinki Cathal, kin san dokar garinmu na zuriyar Ingila: asalin ɗan Ireland ba ya kwana cikin ganuwa. Na rantse a coci kan makullan nan, ba zan buɗe masa ba.

Allah ya tsare ku.
Yayanki, Piers

Yaya Piers,

Ina gaisuwa. Jiya sun ƙone rumbun maƙwabcinmu, suka kore shanunsa. Ba zan bar uban 'ya'yana a waje ba. Ko mu shigo duka, ko ka zo ka binne mu duka.

Kai da kake cika baki da ganuwa, yaushe rabonka da arewacin gari? Tun kafin gwiwarka ta fara ciwo! Riƙe makullanka, ka sa su a miya.

Ka huta lafiya.
Ismay

Ƙanwata Ismay,

Ina gaishe ki. Ki kwantar da hankalinki, ki ɗauko yara da saniyar nan mai jan kunne, ku bi ta bayan gidan niƙa kafin Lahadi. An ce keken shanu ma yana wucewa, har ciyawar wurin ta mutu saboda sawu. Rantsuwata a kan ƙofa na yi ta, babu wanda ya ba ni tsaron giɓi.

Gwiwa ba ta bar ni na je na gani ba, amma wannan karon ban yi dariya ba. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe mijinki ne, Cathal. Ga shi nan a kujerata yana cin burodina, ya ce shekara tara ke nan ta can yake shigo da fatunsa.

Sai kun iso.
Piers