Gardamar Kwamfutar Yaya Luke

Inkil, Bauchi,
9 ga Yuni, 2025.

Zuwa ga Yayana Luke,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Patricia da ɗana Micah. Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki, ya tsare fitarka da shigarka a Fatakwal ɗin nan taku da ruwa ba ya ɗaukewa. Mu nan duk lafiya lau. Damina ta sauka, Baba ya shuka masara da gyaɗa a bayan gida, ƙafarsa kuma ta yi sauƙi har yana takawa zuwa sujada. Yaya Phoebe ta yi nauyi, muna sa ran saukarta a watan Agusta.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Labarin ne ya fi ƙarfin waya, kuma kai ba ka barin mutum ya kai aya. Ka tuna jarrabawar neman tallafin karatun digiri na biyu a ƙasar waje, wadda saboda ita ka aiko mini da tsohuwar kwamfutarka? Ta intanet ake yin ta, awa biyu cur, kamara a buɗe, kuma in kwamfutar mutum ta tsaya na minti biyar an cire shi ke nan. Ni kuwa bana ce damata ta ƙarshe, baɗi na wuce shekarun da suka ƙayyade. Saura mako uku sai suka sanar cewa ba za a iya rubutawa ba sai an sa wa kwamfuta sabuwar babbar manhaja, wato wadda take tashi da ita in an kunna ta. Prosper, mijin Yaya Phoebe, ya sa mini. Tun daga ranar kwamfutar nan ta zama kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ta fara da kyau, bayan minti ashirin sai ta soma huci, in na danna abu sai na sha ruwa na dawo kafin ta amsa. Gaskiya na tsorata, har abinci ya daina shiga mini.

Nan fa gardama ta ɓarke. Prosper, da yake shi ke koyar da kwamfuta a sakandare, ya ce sabuwar manhajar ce mai nauyin tsiya, an yi ta ne don a tilasta wa talaka sayen sabuwar na'ura, kuma ba abin da zai yi magani sai an ƙara ƙwaƙwalwar aiki, abin da suke ce wa ram. Malam Abdulsalami kuwa, maƙwabcinmu mai shagon gyara a Ƙofar Ran, ya ce sam, manhajar ba ta da laifi, ya sa wa kwamfutoci sun fi talatin suna gudu lafiya. A cewarsa faifan ajiyarta ne tsohon yayi, irin mai juyawa, sai an sa sabon samfuri. Kullum da la'asar suna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, wannan ya ce malamin allo bai san ƙarfe ba, wancan ya ce mai sukudireba bai san ilimi ba. Baba yana gefe da rediyonsa, yau ya goyi bayan wannan gobe ya goyi bayan wancan, alhali ko kunna kwamfutar bai iya ba.

Amma ka gode musu. Prosper ya ciro ram daga cikin tasa kwamfutar ya sa mini, Malam Abdulsalami kuma ya canza faifan. A shagonsa muka gwada ta awa uku tana gudu kamar sabuwa. Na hau keke na dawo gida da murna, na kunna, minti ashirin sai ga huci ya dawo. Sau biyu ana haka. Prosper ya ce ai dama haka kayan gyara suke, ba sa nuna halinsu a gaban mai gyara. Ni dai na shiga ɗaki na yi kukana, saura kwana huɗu.

Ranar Juma'a bayan ya sauko daga masallaci Malam Abdulsalami ya ce shi kam sai ya ga inda kwamfutar nan take kwana. Ya yi sallama, Mama ta shigo da shi falo, ya dubi teburina, idonsa ya sauka kan abin da kwamfutar take zaune a ciki. Ka san Mama da ɗinka wa kaya riga: talabijin, rediyo, Littafi Mai Tsarki, har filas ɗin shayi. To ranar da aka sa sabuwar manhajar, da ta ji ana cewa an sabunta kwamfutar, sai ta yanko atamfar zumuntar mata ta ɗinka mata mazauni mai taushi, da soso a ƙasa da leshi a gefe, wai kayan da ɗanta ya aiko ba za su zauna a kan katako tsirara ba. A ciki nake buɗe ta in yi aiki, in zan je shago kuma sai in zare ta in sa a jaka. Ashe soson ya toshe duk ƙofofin da fankarta ke shan iska, ga zafin Afrilu. Ni mai digirin injiniya, Yaya, mako biyu ina kallon abin nan ban gani ba. Kar ka kuskura ka gaya wa Anti Patricia.

Abin da ya dame ni shi ne yadda za a faɗa wa Mama, don wuni guda ta yi tana wannan ɗinki. Malam ya rusuna ya ce, “Mama, ɗinkinku ya yi kyau ƙwarai, sai dai ita wannan ta ƙasa take numfashi.” Mama ta dube shi, ta dubi Prosper da ya shigo a lokacin, sannan ta ce wato duk wannan hayaniya da suka hana ta barcin rana da ita, zafi kawai baiwar Allah take ji? Ta zare mazaunin da hannunta, ta kawo gwangwanayen madara huɗu ta ɗora kwamfutar a kai. Awa huɗu ta yi tana aiki ko tari ba ta yi ba. Har yau dai ba su daina ba: Prosper ya ce ram ɗinsa ne ya taimaka, Malam ya ce faifansa ne.

Ranar jarrabawar doka ta hana kowa shiga ɗakin. Mama ta je ta roƙi mai injin niƙa na bayanmu ya kashe na awa biyu, ta kore kaji, ta kafa kujera a bakin ƙofa tana addu'a ƙasa-ƙasa. Na gama lafiya, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya saƙo ya iso. Na samu, Yaya! Sun ɗauke ni, watan Satumba zan tafi. Ban taɓa jin daɗi irin na jiya ba. Baba ya cire hula ya yi godiya ga Allah, Mama ta yi guɗa ta taka rawa har maƙwabta suka cika gida, matar Malam ta aiko da masa kwano guda. Da mutane suka watse sai na iske Mama a kicin tana share ido da bakin zani. Ta ce murna ce, amma kuma ta lissafa, daga Satumba kwano biyu kawai za ta riƙa zuba wa tuwo. Don haka ina roƙonka, ka nemi hutu a watan Agusta ku zo dukanku, ku ga jaririn Yaya Phoebe, mu ci abinci a tabarma ɗaya kafin in tafi. Ban ce mata za ka zo ba, amma na ga ta fara gyara ɗakinka.

Ka gaishe da Anti Patricia, ka shafa mini kan Micah. Baba da Mama suna sa muku albarka. Yaya Phoebe da Prosper da Malam Abdulsalami duk suna gaisuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa,
Ƙauna.