Fulas Mai Riga Goma Sha Biyu

Aba, 28 ga Nuwamba

Ƙanwata Ihuoma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aikin asibiti, yaya sanyin Kanada? Mama tana lafiya, sai gwiwar nan tata. A rubuce na zo miki, domin a waya ba kya bari mutum ya kai ƙarshen magana.

Dole in yaba miki. Wannan shawara da kika aiko, cewa manyan gida su daina yi wa juna ruwan kyauta a Kirsimeti, kowa ya ɗauki suna ɗaya a ƙuri'a ya saya wa mutum ɗaya, kai, ilimi ya yi rana! Shekara ashirin ina sayar da kwanuka a kasuwa, ban taɓa ganin dabarar da ta mayar da rowa wayewa kamar wannan ba. Taron gida ya amince nan take, har aka sa tarar akuya a kan duk wanda ya ba wani kyauta a wajen ƙuri'a. Mama ma ta yaba sosai, sannan ta ce ita ban da ita, kowa ya kawo mata nata kamar kullum.

Ita ce ta riƙe tukunyar sunayen. Ta ce hannuwanmu ba su da gaskiya, da kanta za ta miƙa wa kowa takardarsa. Na buɗe tawa, sai ga sunan babban wanmu, Dede Uwakwe.

Kin san shekara goma sha biyu ke nan ban yi magana da shi ba, tun da ya sare kwakwar manjan da aka binne cibiyata a gindinta don ya ja katanga. Kin kuma san zancen fulas. A shekarar farko da Mama ta ce dole mu ba juna kyauta, na naɗe fulas ɗin shayin da ya ƙi sayuwa a shagona na aika masa. Da shekara ta zagayo ya ƙara masa takarda a kan tawa ya mayar mini. Haka yake ta kai da kawo, ba wanda ya taɓa buɗewa. Yanzu yana hannunsa.

To, ni ba yarinya ba ce. Na ja Ugonma matar ƙanenmu Agwu bayan kicin, na ce, "Amaryarmu, ba kya son cokulan nan masu ruwan zinariya?" Ta ce, "Anti, faɗi abin da kike so kawai." Muka yi musaya. Yanzu sunan Agwu ke hannuna, mutumin da singileti biyu ke sa shi rawa. Na huta.

Taki,
Ulumma

Aba, 14 ga Disamba

Ihuoma,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Ni dai lafiyar jiki ƙalau, kaina ne ban gane masa ba.

Ran Talata na tsinci kaina a kan kujera ina share saman kanta, daidai inda nake ajiye fulas ɗin a shekarar da yake wurina. Na kwashe tangaran daga wurin, na goge tas, sannan na tuna bana ba zai zo ba. Dokarki ta hana. Ihuoma, na tsaya a kan kujerar nan har mai ciniki ta gaji ta tafi shagon maƙwabciyata. Ni Ulumma, in bar ciniki ya fita da ƙafarsa!

Ban san me ke damuna ba. Mutumin nan ba na son ganinsa. Amma duk shekara daga naɗinsa nake gane yana lafiya. Shekarar da matarsa ta rasu ma a karkace ya naɗe, igiyar sako-sako, na kwana biyu ban ci abincin kirki ba, ban gaya wa kowa ba.

Sai na koma wurin Ugonma in karɓi takardata. Ta ce, "Haba Anti, ai ko kwana ba ta yi a hannuna ba. Wa zai saya wa Dede abu ya ce ya yi?" Ta ba Nnenna 'yar kawu. Nnenna ta ce ita ma ta tura wa mijinta Kalu tela. Na hau babur har shagon Kalu. Yana ganina ya fara dariya da allura a baki.

"Suruka, kin makara. Mai sunan ya zo da kansa ya karɓi abinsa."

Na ce, "Kalu, bar wasa, ban karya ba tukuna."

Ya ce wallahi Dede ya ji labarin ana ta jifa da sunansa kamar garwashi, ya zo ya ce, "Ba ni nan, kada in zame wa kowa kaya." Ya ajiye masa tasa takardar a madadi. Kalu ya ciro ta daga aljihu ya nuna mini. Sunana ne.

Kin gani? Ni na ɗauko shi, shi ya ɗauko ni, a hannun Mama, tsohuwar da ke cewa ba ta iya karatu ba. Ni na sayar da shi a kan cokula, shi ya ba da ni kyauta. Tun daga kan babur nake tambayar kaina: yar da ni ya yi, ko sauƙaƙa mini ya yi? In na fusata sai in tuna cokulan, sai fushin ya rasa wurin zama.

Kalu ya tambaye ni launin da nake so. Na ce ya ɗinka abin da ya ga dama.

Yayarki,
Ulumma

Ƙauye, 26 ga Disamba

Ihuoma 'yar Mama,

Barka da Kirsimeti, da fatan kun yi biki lafiya. Ga labarin aikinki.

Jiya bayan an taso daga coci an ci shinkafa, muka zauna a tsakar gida. Agwu ya yi rawar singiletinsa. Kalu ya ba ni riga mai kyau, sai dai da alama wata Ulumma ya auna, ta shekara goma baya. Mama na zaune a tsakiyar tulin kayanta tana cewa tsarin nan Allah ya yi masa albarka.

Da aka zo kan Dede, sai ya shiga ɗaki ya fito da ƙunshi. Tun daga nesa na gane shi. Ya karanta rubutun da ƙarfi: "Daga Uwakwe zuwa ga Uwakwe." Kowa ya yi dariya, ban da ni. Ya fara warwarewa. Takardarsa ta bana, tawa ta bara, tasa, tawa. Ga mai karkataccen naɗin nan. Ga jar da na saya shekarar da aka yi mini aiki a ciki. Riga goma sha biyu, yana cire kowace yana ninkewa a kan cinyarsa.

Sannan ya ce a dafa shayi. Shayi, da ranar nan mai narka mutum! Aka zuba a fulas, ya tsiyaya kofi biyu, ya ɗauki ɗaya, ya ajiye ɗayan a ƙarshen bencin da nake zaune. Bai dube ni ba. Kafin ya kurɓa, shayi ya fara ɗiga daga gindin fulas ɗin a kan takalminsa na coci.

Ya ce wa sama, "Duk wanda ya sayar da wannan abu ba ya tsoron Allah."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Dede, ai ba sayar maka aka yi ba."

Ya ce, "Shi ya sa ban zo karɓar kuɗina ba."

Iyakar maganarmu ke nan a shekara goma sha biyu. Na ɗauki kofin na shanye. Babu sukari, kuma ya sani sarai cokali uku nake sawa.

Nan take Agwu ya miƙe ya ce shayi kyauta ce a wajen ƙuri'a, akuya ta hau kan wani. Kalu ya ce mai zubawa ne zai biya, Ugonma ta ce mai sha. Mama ta ce ko wa ya biya, ita hanta za a ba ta. Har yanzu ba a yanke ba.

Yau da safe na gaishe shi, ya amsa, ya wuce da fulas ɗin a hammata wai zai kai a liƙe masa gindi. Ba a ambaci kwakwa ba, katanga tana nan inda take, saman kantata kuma babu komai.

Ki gaida maigida da yara. Sannan ke da kika yi karatu mai zurfi kika kawo mana tsari, ki warware mini: shiryawa muka yi da mutumin nan, ko kuwa fulas ɗina kawai ya cinye a gaban shaidu?

Yayarki,
Ulumma