Jinyar Tabarya

Nima, Accra

Yayana Zibrim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Allah Ya sassauta maka zaman gidan yari. Mahaifiyarmu Maame tana gaishe ka. Ƙafar tata ta yi dama, har ta koma suyar ƙosai a bakin titi.

Yaya, asibitinmu ya tura ni jinya wani gida a Maamobi, kuma an hana ni faɗin sunan majinyacin. Kai kaɗai zan gaya wa. Abdul-Rashid Tabarya ne, zakaran damben nan da hotonsa ke bayan kowace motar haya ta trotro. Jini ne ya taru masa a ƙwaƙwalwa bayan wasansa na ƙarshe, sai da likitoci suka cire wani ɓangare na ƙashin kansa. Wurin fata ce kawai yanzu, tana motsi idan yana numfashi. Kawunsa Alhaji Bukar yana gaya wa 'yan jarida wai yana Turai yana hutawa, alhali ga shi nan ina ba shi koko da cokali. Wata rana ya san sunansa, wata rana bai sani ba. Amma hannayen nan ba su manta komai ba.

Na tuna ka taɓa yi masa aiki a wurin horo. Ka sa shi a addu'a.

Ƙanwarka,
Mariatu

Mariatu,

Salam. Na samu takardarki, na gode. Ki gaida Maame.

Abokina Rafiq ya zo ziyara. Ya ce ya gan ki a kasuwar Maamobi kina sayen tumatir, ido a kumbure kamar na kwaɗo, haƙorin gaba babu. Ya gaishe ki kika ja mayafi kika ce faɗuwa kika yi a gwata. Ni za ki yi wa wannan? Na san hannun Tabarya ko a duhu. Ni nake riƙe masa jakar duka tun yana kwana a Zongo Lane bai da takalmi. Kunnena na hagu ba ya ji har yau, shi ne, kuma wasa ya ce yana yi, mutane suna dariya suna tafa masa. Ba ciwo ne ya mai da shi haka ba, haka yake. Duk Nima suna yi masa kirari don ba a jikinsu ya koyi dambe ba.

Ina nan a ɗaure, amma ba mutuwa na yi ba. Ki fita daga gidan nan.

Zibrim

Nima, Accra

Yayana Zibrim,

Assalamu alaikum, tare da fatan alheri. Na ɓoye maka ne saboda na san halinka, halin da ya kai ka inda kake. Tunda Rafiq ya riga ni, ga yadda aka yi.

Da hantsi ne, ina canza masa bandeji. Akwai makarantar firamare a bayan gidan, sai aka kaɗa ƙararrawar tara, mai ƙara irin ta filin dambe. Ban ga hannun ba. Na dai tsinci kaina a ƙasa a kan tiren kayan aiki, bakina cike da jini, haƙorina a kan tayil. Na ɗaga kai ina jiran na biyu. Yaya, sai na ga ya tafi kusurwar ɗaki yana jan ƙafa, ya tsaya ya dafa bango da hannu bibbiyu, kamar yadda suke yi idan sun kayar da mutum, yana jiran alƙalin wasa ya gama ƙirga. Can ya dawo hayyacinsa ya gan ni. Ya durƙusa yana share mini jini da rigarsa.

"Anti Nas, wa ya taɓa ki?" ya ce. "Nuna mini shi."

Ban musa abin da ya yi maka ba, Allah Ya sani, na ga ranar da aka kawo ka gida jini na fita ta kunnenka. Amma wanda ya yi maka wannan ba ya cikin gidan nan. Wanda ke nan fitsari yake yi a wando. Na sa an rufe tagar da ke wajen makarantar, kuma na koyi tsayawa ta damansa, inda hannun ya yi rauni.

Ina roƙonka don darajar Baba da ke kabari, kada ka aiko kowa.

Ƙanwarka,
Mariatu

Mariatu,

Salam. Takardarki ta zo a makare. Na riga na yi magana da Rafiq da Muftahu. Na ce su ja masa kunne kawai, ya san kina da 'yan'uwa. Babu abin da zai faru. Ranar Juma'a ki zauna a gida.

Zibrim

Maamobi, Accra

Zibrim,

Assalamu alaikum. Da hannun hagu nake rubutu, ka yi haƙuri da shi. Takardarka ta iso ranar Asabar.

Sun zo lokacin da kowa ke masallaci, mai gadi ma ya tafi. Na fito da Tabarya tsakar gida yana shan iska a kujera, ina yanke masa farce. Rafiq ya shigo da guntun rodi, Muftahu da adda. Ganin su, sai ya yi murmushi ya miƙa hannu, ya ɗauka masoya ne suka zo ɗaukar hoto. Rafiq ya sauke masa rodin a kafaɗa, na ji ƙashin ya ce ƙas. Na biyu ya same shi a kai, daidai inda babu ƙashi. Na faɗa kansa na rufe shi da jikina ina kiran sunayensu, yaran da na sani tun muna makarantar allo. Muftahu ya so ya ja ni gefe, addar ta tsaga mini hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu.

Jinina Tabarya ya gani. Mutumin da sai na riƙe shi yake zuwa bayi ya ture ni ya miƙe tsaye. Sau ɗaya ya bugi Muftahu a haɓa. Muftahu ya tafi da baya, ƙeyarsa ta daki bakin siminti. Shi ma Tabarya ya zube a wurin.

Rafiq ya gudu, ya yi karo da jama'ar da ke fitowa daga sallah. Wani ya leƙa ya ga zakaransu kwance cikin jini, ya kurma ihu. Ka san Maamobi. Da duwatsu da benci suka tarar masa, har an garo taya ana neman fetur. Limamin unguwar ne ya kwanta a kansa da babbar rigarsa har 'yan sanda suka iso. Ido ɗaya ya tafi, amma yana raye.

Ni kuwa ina tsakar gida da mutum biyu suna zubar da jini ta kai, hannu ɗaya ne gare ni mai aiki. Na ɗaure nawa da mayafi, na danne wa Tabarya da gwiwata, na tallafe Muftahu da hagu. A cikin tasi Muftahu ya cika, kansa a cinyata, kafin mu fita daga cunkoson Nima. Yana ta cewa in gaya maka sun yi. To, na gaya maka.

Tabarya yana ɗakin masu tsanani, inji ke masa numfashi. 'Yan jarida sun cika ƙofar gidanmu, hotona yana yawo a waya. Matar Muftahu, Suweiba, ta zo ta zauna a ɗakin Maame da cikinta, ba ta yi kuka ba, tambaya kawai take yi me mijinta ya je yi a gidan. Rafiq ya ƙi magana. Sufeton 'yan sanda ya tambaye ni ko na san wanda ya aiko su. Na ce masa kaina na juyawa, ya ba ni lokaci.

Mariatu

Nima, Accra

Yaya Zibrim,

Assalamu alaikum. Abdul-Rashid ya rasu ranar Talata da la'asar, ina wurin. An yi jana'izarsa a kan babban titi saboda masallaci bai ɗauki mutane ba.

Jiya na je wurin Sufeto, na faɗa masa kai ka aiko su. Zai zo ya gan ka. Suweiba na fara gaya wa, sannan Maame.

Na ba Sufeto sabulu da garin rogo ya kawo maka. Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Ƙanwarka,
Mariatu